Kwamfutar Gidan Maiƙafa

Ranar da aka sallamo Yaya daga asibiti, Auta ce ta tuƙo motar. Ya zauna a gaba, hannunsa na dama ajiye a kan cinya kamar kayan aro, matarsa a baya rungume da ledar magunguna. Likita bai ɓoye musu komai ba. Ya ce ciwon ya shanye masa ɓarin dama, kuma ya taɓa wurin magana. Yana ji, yana ganewa, amma kalmar da ya nufa ba ita za ta fito ba. Ta yiwu maganar ta dawo, ta yiwu kuma shi ke nan.

Wannan fa mutum ne da idan ya fara zance sai shayi ya huce a hannun mai sauraro. Shi ya riƙe Auta tun rasuwar mahaifinsu. Shi ya fara danƙa mata sukundireba tana 'yar firamare, ya ce ta buɗe rediyon gidan ta duba ko da gaske akwai mutum a ciki. Yanzu ita ma ta zama injiniya kamarsa, tana kula da manyan kwamfutocin wani kamfanin sadarwa, amma ko a watan da ya kwanta, da ta fara yi masa bayanin aiki sai ya ɗaga hannu ya ce, "Uwar gaggawa, tsaya ki ji tukuna."

Cikin masu zuwa dubiya akwai wani dattijo da kowa ke kira Maiƙafa. Shi ne shugaban wata 'yar cibiya da ke ƙera ƙafar roba, kuma shi kansa ƙafarsa ta hagu ta roba ce. Yakan ce shi kaɗai ne mai sana'ar da ke yawo da tallarsa a jiki. Ya zauna ya daɗe yana riƙe da hannun Yaya, bai yi barkwanci ko ɗaya ba. Da Auta ta rako shi bakin titi sai ya tsaya yana juya hularsa a hannu.

"'Yata, ina jin nauyin maganar nan, amma ba ni da wanda zan kai wa ita. Kin san yayanki ne ke kula mana da injin sassaƙa?"

"Na san yana zuwa wurinku, Baba. Me ya samu injin?"

Ya yi mata bayani. Idan aka auna dungun ƙafar mutum, kwamfuta ce ke karɓar awon, ta umarci injin ya sassaƙo siffar dungun daga wani soso mai tauri, a kan siffar ake zuba robar da mutum zai zura ƙafarsa. Kwamfutar ba irin ta kasuwa ba ce. Wani kamfani ne ya ƙera ta tun daga akwati har manhajar da ke tafiyar da ita, ya kulle komai, bai gaya wa kowa yadda cikinta yake ba. Kamfanin ya daɗe da rushewa. Faifan ajiyarta ya mutu, manhajar ta bi shi. Katin da ke haɗa ta da injin kuwa ba ya shiga kowace kwamfuta sai ita.

"Yayanki ya ce zai ɗora mata wata manhaja ta kyauta, irin wadda mutanen duniya suka haɗu suka rubuta. Ya ce har ya gama ɓangaren da zai yi magana da injin. Saura kawai ta tashi. Kullum ya kunna sai ta faɗi. Yana cikin wannan fama ciwon ya kayar da shi."

"Yanzu yaya kuke yi?"

"Da hannu, da filasta, kamar zamanin da na koya. Amma kafaɗuna ba na da ba ne. Abin da injin ke yi kafin a sha ruwa, ni wuni nake. Ki zo ki ga bencinmu."

Ta je washegari bayan ta tashi aiki. Cibiyar ɗaki biyu ce da baranda. A barandar akwai dogon benci, mutane zaune, sanduna jingine a bango. Ciki warin gam da filasta, ga ƙafafu jere a kan kanta, wasu da takalmi wasu babu, ga ƙarar injin goge roba da ba ya hutawa. A kusurwa injin sassaƙan ke tsaye an rufe shi da tsohon labule. Kusa da shi kwamfutar, akwati mai launin toka, nauyinta ya kai na ƙaramin firiji. Kujerar Yaya na nan yadda ya bar ta, da kofinsa a kan tebur.

Ta danna makunni. Fararen rubutu suka fara gudu a kan baƙin allo, layi na bin layi. Can sai suka tsaya cak. Wasu lambobi suka zubo, fankar da ke cikin akwatin ta ɗauki kuka, shi ke nan ko maɓalli ɗaya bai ƙara amsawa ba.

"Kin gani ko?" in ji Maiƙafa a bayanta. "Me take cewa?"

"Kowace irin wannan manhaja tana da zuciya, Baba, muna ce mata kanel. Shi ke fara tashi, ya ƙirga kayan da ke cikin kwamfuta, ya raba wa kowa aikinsa. Idan ya ci karo da abin da ya fi ƙarfinsa sai ya tsayar da komai don kada ya yi ɓarna. A wurinmu sai mu ce kanel ya firgita."

"To me ya gani ya firgita? Ko ƙafafun nan ne na kan kanta?"

Ta yi murmushi, na farko tun kwanciyar Yaya.

Ta ɗauka aikin 'yan kwanaki ne. Ta cire sandunan memori, inda kwamfuta ke riƙe abin da take aiki a kai, ta goge bakinsu ta mayar. Ta zare katunan ciki ɗaya bayan ɗaya, tana kunnawa bayan kowanne. Ta gwada tsohon kanel, ta gwada sabo. Da ta ga rubutun na gudu fiye da ido, ta jawo waya daga bayan kwamfutar zuwa laftof ɗinta don kowane layi ya tsaya a ajiye. Kanel ba a wuri ɗaya yake mutuwa ba. Yau ya mutu yana duba faifai, gobe yana tayar da katin sadarwa, jibi ya kusa kai wa ƙarshe sannan ya kife. Ciwon da ke tsaye wuri ɗaya ana samun maganinsa. Mai yawo shi ne abin tsoro.

Ta rubuta tambaya a wani zauren intanet na masu sha'awar tsofaffin kwamfutoci. Mutum ɗaya ya ce ya taɓa mallakar irinta, ta ishe shi ya jefar. Wani ya ce kamfanin bai taɓa fitar da bayanin cikinta ba, sai dai ta yi ta lalube. Daga nan shiru.

A kan bencin baranda akwai wata malamar makaranta da mota ta take wa ƙafa, aka yanke daga saman gwiwa. Irin nata awon ne ya fi wuya da hannu, shi ya sa Maiƙafa ya ce ta jira injin. Takan biyo bayan an tashi makaranta, ta zauna tana duba littattafan ɗalibai.

"Injiniya, yau ma ya firgita?"

"Ya firgita, Malama."

"Ba komai. Ni ma ɗalibaina haka suke ranar jarrabawa." Ta rufe biro. "Abin da ke damuna ɗaya ne. Lissafi nake koyarwa, kuma a zaune hannuna ba ya kai wa saman allo. Rabin allon kawai nake amfani da shi."

Auta ta koma ciki ta sake kunnawa.

Kullum idan ta tashi daga cibiyar, gidan Yaya take wucewa. Takan zauna a gefen gadonsa ta ba shi labarin abin da ta gwada, yana kallon bakinta. Wata rana da yamma ya kama hannunta da na hagunsa, ya yi ta kokawa da harshe, jijiyar wuyansa ta miƙe, sannan ya ce, "Ƙofa."

"Ƙofa, Yaya?"

"Ƙofa. Ƙofa."

A bakin masu aikinsu, ramukan da ake soka waya a bayan kwamfuta ƙofofi ne. Ta tabbata abin da yake nufi ke nan, wata ƙofa ce ke kayar da kanel. Ta nemi hutu a wurin aiki. Ta bi ƙofofin nan ɗaya bayan ɗaya, tana hana kanel taɓa su, tana kunnawa, tana jira. Ta gama da su kaf, kanel bai fasa mutuwa ba.

Ta dawo gidan a gajiye, ta tarar da ƙofar ɗakinsa a buɗe, an tokare ta da kujera, Yaya na kallon tsakar gida inda ake shanya.

"Ai ƙofar yake so a bar masa a buɗe," in ji matarsa, wadda Auta ke kira Anti. "Ɗakin ya ishe shi. Tun ranar na gane, kin fita da sauri ban samu na gaya miki ba."

Auta ta tsaya riƙe da jaka. Maimakon ta haƙura, sai ta zaro laftof ta buɗe, ta ɗora masa a kan cinya.

"Yaya, dubi nan. Ga inda ya mutu jiya, ga na yau. Ka nuna min da yatsa kawai. Ko layi ɗaya."

Ya sunkuya. Idonsa ya bi allon daga sama zuwa ƙasa, ya koma sama. Ya matso da fuska, ya ja baya. Ya ɗora yatsa a kan wani harafi ya daɗe, kamar mai son tuna sunan wani tsohon maƙwabci. Sai a lokacin Auta ta gane. Ba magana kaɗai ciwon ya ɗauke ba. Mutumin da ya koya mata karanta irin wannan rubutu ba ya iya karanta ko kalma ɗaya. Ya ture laftof ɗin a hankali, ya juya fuska bango, kafaɗarsa ta lafiya tana girgiza.

Anti ta ja ta zuwa kicin, ta rufe ƙofa.

"Auta, ban taɓa ɗaga miki murya ba, yau ma ba zan ɗaga ba. Amma yayanki ba littafi ba ne da za ki riƙa zuwa kina buɗawa. Ki zo ki gaishe shi, ki yanke masa farce, ki ba shi labarin banza ya yi dariya. Idan don injin nan kike zuwa, ki bar shi ya huta."

"Anti, mutane ne ke jira."

"Na sani. Shi ma ya sani, shi ya sa yake kuka."

Daga ranar Auta ba ta ƙara ambaton kwamfutar a gidan ba. Takan zo ta yanke masa farce, ta matsa masa hannun da ya mutu yadda mai gashin ƙashi ya nuna musu, ta ba shi labarin shugabanta da ya kulle kansa a ɗakin sanyi na kwamfutoci ya yi ta buga gilashi. A cibiyar kuwa ta gaya wa Maiƙafa gaskiya, cewa dabararta ta kusa ƙarewa, gara ya fara yi wa Malama awo da hannu ko da ba zai yi daidai ba. Ya ce to. Bai nuna mata ɓacin rai ba, hakan ya fi yi mata ciwo.

Wata Asabar da safe ta iso gidan ta tarar da rigima. Yaya ya sa an sa masa rigar fita, yana zaune a keken guragu, ya ƙi karyawa. Da ya ga makullin mota a hannunta sai ya nuna shi, ya nuna kansa, sannan ya yi alamar sassaƙa da gefen hannu a kan gwiwarsa.

Anti ta dube shi, ta juya ga Auta. "Shi ya nema, ba ke ba," ta ce. "Ku je. Amma da ya gaji ki dawo min da shi."

Ranar Asabar ba a aiki a cibiyar. Benci babu kowa, injin goge roba a kashe, Maiƙafa ne kaɗai ya zo ya buɗe musu. Ya durƙusa da ƙyar a gaban keken ya ce, "Injiniya, ka ga yadda ka bar mu? Ni ƙafa ɗaya, kai hannu ɗaya, in aka haɗa mu a samu mutum guda da 'yan canji." Yaya ya yi dariya da rabin baki.

Auta ta tura shi gaban teburin. Bai ko kalli allon ba. Ya jingina kai, ya lumshe ido, ya yi mata alama ta kunna.

Rubutu ya fara gudu. Yana cikin gudu Yaya ya ɗaga hannun hagu. Bayan ɗan numfashi, rubutun ya tsaya, lambobi suka zubo.

Ta ɗauka dace ne. Ta kashe ta sake kunnawa. Ya sake ɗaga hannu, rubutun na tafiya lafiya lau, sannan ya mutu. Karo na gaba ma haka, ga idonsa a rufe.

"Yaya, ta ina kake sani?"

Ya nuna kunnensa. Ya nuna akwatin. Ya tattara leɓe ya hura iska, "Fuuu."

Ta sake kunnawa, wannan karon ita ma ta bar allon, ta kara kunne a jikin akwatin. Fanka na juyawa a hankali, sautinta ɗaya. Can sai ta ji ya canza, ya ɗan yi sama kamar mai shirin tari. Hannun Yaya ya tashi. Sai daga baya kanel ya faɗi, fankar ta ɓarke da kukan nan da ta saba ji.

Duk tsawon makonnin nan ta ɗauka kukan fanka sakamakon mutuwar ne. Ashe fankar ke fara rikicewa, ƙarar injin goge roba ce ta hana ta ji, ga kuma idonta da bai taɓa barin rubutu ba. Ta zauna a ƙasa ta dafe kai tana tunani a fili.

"Wa ke kula da fanka kafin kanel ya tashi? 'Yar manhajar kamfani ce, wadda suka dasa a jikin allon lantarkin da ke cikin akwatin. Dole tana da wurin zama a cikin memori. Nasu kanel ɗin ya san wurin, ba sai an gaya masa ba. Namu baƙo ne. Ya tambaya ina da ina ne fili, aka ce masa ko'ina, sai ya je ya yi gini a kan gidan mutane." Ta ɗago. "Shi ya sa ba ya mutuwa wuri ɗaya. Sai lokacin da kayansa suka kai can."

Yaya ya buga hannun kekensa da tafi, ya sake bugawa. Gumi ya jiƙa masa goshi, leɓensa na rawa. Ta ga alamar gajiyar da Anti ta faɗa. Ta so ƙwarai ta gwada a gabansa, amma ta rufe laftof ta mayar da shi gida. Kafin su kai ya yi barci a mota.

Washegari ta dawo ita kaɗai da Maiƙafa. Ta umarci kanel ya yi amfani da ɗan yanki kaɗan na farkon memori, kada ya taɓa sauran. Ta kunna ta kara kunne. Fanka ba ta canza murya ba. Rubutu ya yi ta gudu, ya wuce faifai, ya wuce katin sadarwa, ya wuce duk inda ya taɓa faɗuwa, sannan ya tsaya a kan layi ɗaya yana tambayar sunan mai shiga.

"Ya sake firgita?" in ji Maiƙafa.

"A'a, Baba. Sallama yake yi."

Sauran aikin haƙuri ne. Ta riƙa ƙara masa fili kaɗan kaɗan, idan fanka ta yi tari ta ja baya, har ta gano iyakar wurin da kamfanin ya ɓoye, ta kewaye shi ta hana kanel shiga. Ba komai ne ya dawo ba. Allon bai ƙara nuna launi ba, sai fari da baƙi, kuma idan aka kashe kwamfutar sai an zare wayar wuta kafin ta yarda ta sake tashi. Ɓangaren da Yaya ya rubuta don injin ya yi aiki, sai dai soson farko ya fito da dungun a juye, na dama ya zama na hagu. Ta nemo kuskuren ta gyara, ba ta gaya wa kowa na wane ne ba.

Malama ta karɓi ƙafarta a cikin watan. Ranar gwaji ta kama ƙarafan koyon tafiya ta miƙe, tana kallon ƙasa daga sama, ta ce ta manta haka take da tsawo. Benci ya fara raguwa.

Maganar Yaya ba ta dawo ba, sai 'yan kalmomi da ba sa zuwa lokacin da ake nemansu. Bai koma aiki ba. Amma ƙafarsa ta dama ta fara ɗan motsi, sai dai tana jan ƙasa idan ya taka. Maiƙafa ya zo gida da kansa ya auna ta, ya ce zai yi masa abin tallafi na roba da zai riƙe idon sawun.

Ranar da aka gama, Auta ta kai shi cibiyar. Maiƙafa ya zauna a kan ɗan kututture ya ɗaura masa, ya zura takalmi a kai. Suka kama shi ta kowane gefe ya miƙe. Ya taka daga teburin zuwa taga, a hankali, ƙafar ba ta ja ƙasa ba. A bakin tagar ya tsaya ya yamutsa fuska, ya nuna dunduniyarsa.

"Tana cizo ko?" in ji Maiƙafa. "Sabuwa ce, dole ta yi rashin kunya. Zauna in rage mata baki."

Ya kwance robar ya tafi da ita ɗaya ɗakin. Auta ta jawo kujera ta zauna kusa da yayanta, ta ɗora ƙafar tasa a kan cinyarta don kada ta taɓa sanyin siminti, suka jira.